Kaduna ta bunƙasa, ina masu ƙasar suka shiga?

Wani ɗalibi daga Tudun Wada, Kaduna, ya aiko da tambaya: "Malam, a aji an ce mana dunƙulewar duniya da ƙaurar jama'a suna cinye ƙananan al'ummomi 'yan asalin wuri, amma duk misalan da ake ba mu na Amurka ne da Ostireliya. Shin abin ya shafe mu a nan Kaduna? In ya shafa, su wa ya shafa, kuma ta wace hanya?"

Ya shafe mu, ƙanena, ba sai ka haye teku neman misali ba. Ka hau mota ka bi hanyar Kachia, ka wuce Sabon Tasha da Mararrabar Rido ka doshi Kujama, ko ka bi hanyar Abuja ka wuce Gonin Gora zuwa Kakau. Fulotan da za ka gani an kafa wa duwatsu, da gidajen da ba a gama rufi ba, akasarinsu gonakin doya da dawa ne na Gbagyi a zamanin iyayenmu. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina bibiyar rigingimun filaye shi ne, dunƙulewar duniya, wato yadda ciniki, kuɗi da zirga-zirga suka haɗe ƙasashe wuri guda, ba ta isa ƙauye da fuskar Bature. Ta hannun maƙwabci mai ƙarfi take isa: dillalin fili, ɗan kasuwa, jami'in gwamnati, da harshen da ake ciniki da shi. A Jihar Kaduna wannan maƙwabcin sau da yawa mu ne Hausawa, duk da cewa mu ma guguwar ba ta ƙyale mu ba.

Sai ka fara raba ma'auni biyu da ake cakuɗawa, don cakuɗa su ya sha jawo zubar da jini. Na farko shi ne na dokokin duniya. A ranar 13 ga Satumba 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin al'ummomi 'yan asali. Ƙasashe 4 suka ƙi, wato Amurka, Kanada, Ostireliya da New Zealand, 11 kuma suka ƙaurace, Najeriya na cikinsu. Hujjar gwamnatocin Afirka da dama ita ce, ai duk ɗan Afirka ɗan asali ne a Afirka, to wa za a ware? Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta riga ta amsa wannan a rahoton da ta amince da shi a 2003: ba wanda ya riga zuwa ake nufi ba, ana nufin al'ummar da rayuwarta ta rataya a kan ƙasa ko daji ko kiwo, al'adarta ta bambanta da ta masu rinjaye, kuma an tura ta gefe a mulki da tattalin arziki. San na kudancin Afirka, Batwa na yankin manyan tafkuna da Fulani Mbororo suna cikin misalan da ta kawo. Ma'auni na biyu namu ne na gida, wato takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki, shiga soja ko samun gurbin karatu. Ita asalin uba take bi. Mutumin da kakansa ya zo aikin jirgin ƙasa daga Ogbomoso, aka haifi ubansa a Kaduna, aka haife shi a Kaduna, yana iya zuwa sakatariya a ce masa baƙo ne. A ma'aunin farko kuwa, manomin Gbagyi na Chikun da makiyayin gandun kiwo na Ladduga duk suna iya shiga, ko da ba sa ga maciji da juna.

Garin Kaduna kansa ɗan dunƙulewar duniya ne. Layin dogo ne ya haife shi. Turawa na son audugar Arewa da gyaɗarta da kuzar Jos su isa teku, jirgi ya isa Kano a 1911, Lugard ya zaɓi inda layin ya haye kogin Kaduna, aka ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. A shekarun 1920 layin gabas ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan. Sojoji, akawuna, leburori da 'yan kasuwa suka kwararo daga ko'ina. Wurin ba kango ba ne, akwai ƙauyukan Gbagyi a bakin kogin da kewayensa. Duk lokacin da garin ya matso, sai su matsa gaba, mu kuma muka mai da sunan Gwari abin zolaya a bakinmu. Wanda ake yi wa dariya a kasuwa ba kasafai ake sauraron ƙorafinsa a ofishin filaye ba.

Maganar ƙasa ita ce zuciyar tambayarka, don haka zan daɗe a kanta. A al'adar Gbagyi, Adara, Atyap da maƙwabtansu, gona ta gida ce ko ta dangi. Dattijo ke rabawa, iyaka itace ne ko rafi ko dutse, shaida kuma bakin mutanen gari. Ba takarda. Tun 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, aka sabunta ta a 1962, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a duk Najeriya. A ƙarƙashinta, in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar abin da ke kan filin ake biya: amfanin gona, itatuwa, gini. Ƙasar kanta ba ta da diyya, don a idon doka ba taka ba ce tun farko. Yanzu ka duba manomin da ke barin gona ta huta shekara uku ko huɗu kafin ya koma mata. Ranar da masu awo suka zo, saurar nan daji ce a takardarsu. Kurmin da ake binne dattawa, ko dutsen da ake taron al'ada, ba su da layi a fom ɗin diyya.

Babban misali shi ne Abuja. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke kusan murabba'in kilomita 8,000 ta ce babban birni ne, ba na kowa ba. Niyyar farko a kwashe duk mazauna a sake tsugunar da su a waje, amma da aka ga kuɗin ya yi yawa sai aka fasa, aka bar yawancinsu a ciki, ana tayar da su kaɗan-kaɗan duk sa'ad da gini ya iso. Hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi, yana bayan takardar naira 20, alhali danginta na kallon gonakinsu suna zama unguwannin da ba za su iya kama ko ɗaki a ciki ba.

Amma kada ka ɗauka gwamnati ce kaɗai. A gefen Kaduna, abin da ya fi cinye gonaki cikin shekarun nan shi ne ciniki na son rai. Dattijo ya rasu, 'ya'ya biyar suka gaji gona, dillali ya zo da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Mai sayen ma'aikaci ne a Abuja, ko ɗan'uwa da ke aikin asibiti a Ingila ko Saudiyya yana turo kuɗi a kama masa fuloti. Kuɗin da aka samo da fam ko dala, manomin doya ba zai iya gasa da shi ba ko a ƙauyensu. Aka sayar, aka sayi babur, aka yi biki, aka biya kuɗin makaranta na shekara biyu. Babur ya tsufa, gona kuwa ta tafi har abada. Na sha ganin saurayi yana gadi ko kwaɓa siminti a filin da ubansa ya noma. Ban ɗora masa laifi ba. Wanda ba shi da taki, ba hanya, ba rance, ga 'yan bindiga a daji, in ya sayar ba wauta ya yi ba. Sai dai al'ummar da zumuncinta, aikin gayyarta, bukukuwanta da sarautarta duk a kan gona aka gina su, ranar da gonar ta zama fuloti sunanta ne kawai zai rage.

Masaƙu sun koya mana wani darasin. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu suka biyo baya a shekarun 1960, irin su Arewa Textiles da UNTL, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ma nan take. Dubban matasa daga Kudancin Kaduna, Filato da Binuwai suka bar gona suka cika Kakuri, Makera da Nasarawa. Albashinsu ya yi rufin kwano a ƙauyuka, ya karantar da ƙanne. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, atamfar Sin mai araha ta riƙa shigowa ta fasa-ƙwauri daga Kwatano da Maraɗi, ga rashin wuta da tsadar baƙin mai. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Waɗanda suka rasa aiki yawancinsu ba su koma gida ba, don 'ya'yansu ba su san fartanya ba, wasu ma ba sa jin yaren ƙauyen. Manomin auduga Bahaushe na Funtuwa da Zariya shi ma ya rasa mai saye. Ba na cewa rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin addini na 2000 da na 2002, amma garin da ya cika da matasa marasa aiki ya fi saurin kamawa da wuta, kuma bayan rikicin ne aka yi ƙaurar da ta raba Kaduna gida biyu, kowa ya koma tsallaken kogin da yake ganin zai kwana lafiya.

Citta kuma ta nuna ɗaya fuskar. Kachia, Jaba da Kagarko su ne gidan citta a Najeriya, ana fitar da ita zuwa Indiya, ƙasashen Larabawa da Turai. Ta kawo kuɗi na gaske, ta gina gidaje, ta kai yara jami'a. Amma gidaje da yawa sun rage acha da sauran abincin gargajiya suka zuba komai a citta, farashin kuwa ba a Kwoi, hedkwatar Jaba, ake yanke shi ba. Da cutar ruɓewa ta faɗa wa gonaki a daminar 2023, iri da jari suka tafi tare. A wannan yankin dai ƙauyen Nok yake, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Da kasuwar kayan tarihi ta Turai ta gane darajarsu, sai aka yi ta haƙar sata a shekarun 1990, wasu suka ƙare a gidajen tarihi na Faransa. Ɗan ƙauyen da ya tona an ba shi na cefane.

Sai harshe, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu kai tsaye. Jihar Kaduna na da harsuna sama da 50. Ba Turanci ne ya fara danne su ba, Hausa ce. Sarautar Zazzau da ta Jama'a da Hausa suka yi mulki, Turawa da Hausa suka karɓi haraji, 'yan mishan da suka zauna a Kwoi da Kagoro suka ga ya fi sauƙi su yi wa'azi da harshe ɗaya da kowa ke ɗan ji, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Har gobe, coci da yawa a Kudancin Kaduna da Hausa suke waƙa da addu'a. Ƙaura zuwa birni ta ƙarasa aikin. Ɗan Bajju ya auri 'yar Ham a Sabon Tasha, shi Jju yake ji, ita Hyam, to da me za su yi hira in ba Hausa ko Turanci ba? 'Ya'yansu za su ji yaren kaka amma su amsa da Hausa. Jikoki ko ji ba za su yi ba. Babu wanda ya hana su da bulala, kowa ya bi abin da zai fisshe shi a kasuwa da makaranta. Haka harsunan Auyokawa da Teshenawa suka ɓace a ƙasar Jigawa ta yau, haka na Ajawa a Bauchi, jikokinsu yanzu Hausawa ne da ba su san an taɓa yin wani yare a gidansu ba. Abin da ke tafiya tare da harshe ba gaisuwa ba ce kawai. Sunayen itatuwa da maganin da ake yi da su, kalandar noma, waƙoƙin da ke riƙe da tarihin wace zuriya ce ta sari wane daji, duk a ciki suke. Wannan na ƙarshen ma shaida ce a shari'ar gona.

Ba ina cewa Bahaushe ya ji kunyar yaɗuwar harshensa ba. Hausa ta haɗa mutanen da da ba za su iya magana da juna ba. Amma mu daina ɗaukar cewa wanda ya bar yarensa ya kama namu ya waye ne. Ka leƙa gidajen 'yan boko a Unguwar Rimi ko Malali ka ji da wane harshe yara ke faɗa da juna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin da zamani ya dawo da shi, ban musa ba. Mutanen da muka saba kira Kataf, Kaje, Jaba da Kadara sun tsaya kai da fata a kira su Atyap, Bajju, Ham da Adara, kuma 'ya'yansu da suka yi karatu suka fita ne suka jagoranci wannan. Kuɗin 'yan birni da na ƙasashen waje ke ɗaukar nauyin bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu da Tuk-Ham na Kwoi. A 2022 harshen Tyap ya samu shafinsa a Wikipedia, aikin 'yan sa-kai da waya a hannu. Ina yaba wannan ƙwarai. Sai dai rawa da kayan gargajiya rana ɗaya a shekara ba sa raya harshen da ba a yi wa jariri magana da shi.

Makiyaya su ma suna cikin lissafin, a matsayin masu shigowa da kuma waɗanda aka ture. Farin da aka yi a shekarun 1970 da tsakiyar shekarun 1980 ya koro shanu kudu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta halatta ƙetare iyaka da dabbobi, amma burtali da mashaya da dama an nome su ko an gine, gandun kiwo irin na Ladduga a Kachia kuma ba zai ɗauke kowa ba. Da makamai suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Libiya a 2011, saɓanin da a da ardo da mai unguwa ke kashewa a gindin itace ya koma na bindiga, ɓarayin daji suka shiga tsakani. Ƙauyuka a Birnin Gwari, Chikun da Kajuru sun watse, Gbagyi, Adara, Hausawa da Fulani duk sun kwaso kaya sun shigo gari. Abin da kasuwa ke yi wa al'umma cikin shekara hamsin, irin wannan ƙaurar dole cikin dare ɗaya take yinsa.

Zangon Kataf ya nuna inda tambayar "ƙasar wa ce" ke kaiwa in aka bar ta ba amsa. A Fabrairun 1992 rigima ta tashi kan mayar da kasuwa wani wuri, a watan Mayu ta zama kisa mai yawa har ta iso cikin Kaduna. Atyap na cewa ƙasarsu ce, an daɗe ana mulkarsu daga Zariya. Hausawan Zango na cewa kakanninsu sun yi ƙarnoni a wurin, ba su da wani gari. Duka maganganun biyu gaskiya ne, abin da ya sa ma'aunin wa ya riga zuwa ba zai taɓa raba gardamar ba. Kada mu manta mu ma baƙi ne a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, kuma a 1969 Gana ta kori baƙi, Hausawa da yawa na ciki. Bayan rikicin an ba Atyap da Bajju masarautunsu a 1995, gwamnatin Makarfi ta ƙara wasu da dama a farkon shekarun 2000. Hakan ya kwantar da zuciya, ya ba mutane daraja. Amma sanda ba takardar mallakar gona ba ce.

A wasu ƙasashen an gwada kotu. Al'ummar Endorois ta Kenya sun yi nasara a ƙarar ƙasarsu a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a 2010, Ogiek kuma a kotun Afirka a 2017, duk da cewa aiwatar da hukuncin ya zama wani dogon yaƙin. Maori na New Zealand sun fara buɗe gidajen renon yara a 1982 inda tsofaffi ke zama da ƙanana ba a magana sai da yarensu, harshen da ake wa kallon ya mutu ya farfaɗo. Wannan bai buƙaci kuɗi mai yawa ba, ana iya yinsa a harabar coci ko zauren mai unguwa a Kujama. A maganar ƙasa, abin da nake gaya wa dattawa shi ne su auna gonar dangi su yi mata rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da sunan gida kafin gari ya iso, su ware maƙabarta da kurmi a rubuce, in kuma dole ne a ci moriyar filin, a ba da haya ta shekaru maimakon sayarwa. Gyaran dokar 1978 yadda ƙasar kanta za ta samu diyya kuwa aiki ne mai wuya, don an cusa ta cikin tsarin mulki.

In aikin makaranta za ka rubuta, ka zaɓi ƙauye ɗaya a bakin gari. Ka je da goro ka gaida mai unguwa, ka tambayi gidaje nawa ne har yanzu ke noma gonar gado, wa ya sayi sauran, kuma da wane harshe kaka ke magana da jikanta. Daga nan ka tafi Arewa House ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, ka nemi rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomin Lardin Zariya. Za ka samu sunayen ƙauyuka, yawan masu biyan haraji da abin da ake nomawa. Ka karanta su da lura, don masu karɓar haraji ne suka rubuta, kuma yawanci ta bakin tafinta Bahaushe suka ji abin da mutanen suka ce.